Yadda za ka yi in ɗan dilibari ya bar maka kaya a maƙwabta ka zo ka tarar sun lalace

Yanzu a Kaduna kusan kowane gida ana oda. Wannan ta sayi atamfa a Kantin Kwari an sa mata a mota daga Kano, wancan ya sayi waya a Jumia, wata kuma 'yar Instagram ce daga Legas ta turo mata kuloli da tangaran na kayan ɗakin ƙanwarta. To matsalar ita ce yawancinmu ba ma gida da rana, kai kana wajen aiki ko kasuwa, uwargida tana makaranta, ɗan dilibari ya iso ƙofar gida ya kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba ko netwok ya ƙi, shi kuma ga kaya jibge a bayan mashin da zai kai Barnawa da Malali da Rigasa kafin magariba, sai kawai ya miƙa wa maƙwabcinka ko mai shagon bakin layi ko mai gadi ya kama gabansa. Ka dawo da yamma a miƙo maka kwali jiƙe sharkaf, ko ya lotsa, ko ka ɗaga ka ji fasasshen gilashi na ƙara a ciki.

Tun kafin mu je ko'ina, don Allah kar ka fara sauke fushinka a kan maƙwabcin. Shi bai ci ko sisi a cinikin nan ba, taimako ya yi, kuma shi kaɗai ne mutumin da ya ga yadda kayan suke a lokacin da suka bar hannun ɗan dilibari. In ka ɓata masa rai ka rasa shaidarka ke nan, ga zaman unguwa ya yi tsami a banza. Kuɗinka suna wajen wanda ya sayar maka da kuma kamfanin da ya ɗauko kayan, can za a nufa, amma sai da hujja a hannu.

Mataki na farko, ka fito da waya kafin ka fito da reza

Na san hannu ƙaiƙayi yake mutum ya yage kwalin nan take ya ga abin da ya saura, amma ka daure. Tun a inda aka miƙo maka, ko a zaure ne ko a gaban shago, ka ɗauki hoton kwalin ta kowane ɓangare, sama da ƙasa da gefuna huɗu, ka matso kusa ka ɗauki takardar da aka manna mai sunanka da lambar webil, wato lambar da kamfani ke gane kayan da ita, yadda za ta karantu, ka ɗauki salatif ɗin da aka naɗe shi da shi. Ka ce wa mai gidan, "Baba, zan ɗan ɗauki hoton kwalin ne saboda kamfani, ba wani abu ba," kar ya ga kamar shi kake haɗa wa sharri. Kuma kar ka sa fuskar kowa ko cikin gidan mutane a hoton.

In ka shiga gida ka sa wani ya riƙe maka waya ku yi bidiyo ɗaya tak ba yankewa, a fara tun kwali yana rufe, a nuna lambar webil, a yanka, a fito da kaya ɗaya bayan ɗaya har a ga ƙasan kwalin. Abin da ya sa nake nanata ba yankewa, maganar farko da mai kaya zai yi ita ce "ai a hannunka ya fashe", kuma bidiyon da aka tsayar aka ci gaba ba ya rufe wannan bakin. Ko dare ne an ɗauke wuta ka nemi fitila mai haske ka yi a daren, kar ka ce sai gobe.

Kayan wuta da suka jiƙe, irin su bilenda, dutsen guga, talabijin ko waya, kar ka jona su wai don ka gwada ko suna aiki. Ruwan da ke ciki zai iya ƙona abun gaba ɗaya ko wuta ta ja ka, sannan ka ba mai kaya damar cewa kai ka ƙona. Magani, madarar jarirai da kayan ci da suka wuni a rana ko ledarsu ta huje, a ajiye su gefe kar kowa ya taɓa. Sannan kar a yar da komai, kwalin, ledojin, soson ciki, har fasassun, a tattara a sa inda yara ba za su ɗauka ba, domin akwai kamfanin da zai ce sai ka dawo da kaya a cikin kwalinsu na asali.

Na biyu, ka karanta kwalin

Wannan wajen mutane ba sa tsayawa a kai, alhali kwalin da kansa yana nuna inda ɓarnar ta faru in ka natsu ka duba. In ƙasansa ne kawai ya jiƙe, ga layin ruwa ya zagaye shi, to a ƙasa aka dire shi ruwa ya kwanta ya same shi, wannan zai iya zama a zauren maƙwabci, zai iya zama a siton kamfani. In sama da gefe ɗaya ne suka sha ruwa, ya fi kama da ruwan sama ya doke shi a bayan mashin, duk wanda ya san Kaduna a watan Agusta da Satumba ya san daga Kawo zuwa Unguwar Rimi ma ya isa a jiƙa mutum jagab. In kusurwa ɗaya ce ta shige ciki, faɗuwa ya yi. In saman ne ya dannu gaba ɗaya, kaya mai nauyi aka ɗora masa, kuma wannan aikin cikin mota ne a doguwar hanya, da wuya ya zama aikin ɗakin maƙwabci. In ka ga salatif kala biyu, ko an yanka na kamfani mai tambari an liƙa wani a kai, to an buɗe shi a hanya, ka ƙirga kayanka da kyau ka gwada da abin da ke rubuce a oda.

In kuma kwali lafiya lau a waje amma ciki ya dagargaje, ka duba yadda aka shirya kayan. Tangaran ko kwalbar humra da aka jefa haka nan ba soso, ba jarida, ba ledar nan mai kumfa, wannan laifin mai sayarwa ne tun daga shagonsa, ko wa ya ɗauko sai ta fashe. Man shafawa, jan baki da cakulan da suka narke kuwa zafin Maris da Afrilu ne, ko a akwatin mashin ko a shagon kwano da suka wuni. Duk waɗannan alamu ne, ba su isa a yanke wa kowa hukunci ba, amma za su nuna maka wanda za ka fi matsa wa da tambaya.

Na uku, ka koma wajen maƙwabcin da ladabi

Ka fara da godiya, da gaske ba ta baka ba. Sannan ka tambayi abubuwan nan cikin hira: wajen ƙarfe nawa aka kawo, wa ya karɓa, shi ne ko yaro aka ba, da aka kawo kwalin haka yake ko lafiyarsa ƙalau, ana ruwa a lokacin, an sa shi ya sa hannu ko an ɗauki hoto, sannan a ina aka ajiye. Kamar ka ce, "Hajiya sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Don Allah lokacin da yaron nan ya kawo, kin lura ko kwalin a jiƙe yake? Kamfanin ne za su tambaye ni." In gidan matan aure ne kai kuma namiji, ka tura uwargida ko ka jira maigidan, kowa ya san wannan.

Ka rubuta abin da aka gaya maka nan take kafin ka manta. In maƙwabcin ya ce ai haka aka kawo shi a lotse, har ma ya yi wa yaron magana, ka roƙe shi ko zai yarda ya faɗi haka a waya in kamfani sun kira. Kar ka naɗi muryarsa a ɓoye, in ya ji daga baya ba zai ji daɗi ba kuma yana da gaskiya.

Na huɗu, wa ya ce a bar kayan a can?

Duk rigimar a nan take kwance. Ka buɗe wayarka ka duba kiran da aka yi maka da saƙonnin WhatsApp na ranar, ka ɗauki sikirinshot. In kai da bakinka ka ce "ba ni nan, ka ba wa mai shagon ƙofar gidanmu", to ɗan dilibari ya yi abin da ka sa shi, a wajen kamfani kaya sun isa hannunka, abin da ya rage maka kawai ka nuna cewa tun kafin a miƙa su suka lalace, nan ne maganar maƙwabci da yanayin kwalin za su yi maka aiki. In kuwa ba wanda ya tambaye ka, shi ya yanke wa kansa shawara ya ajiye ya tafi, to kana da ƙarfin magana sosai, domin kai aka rubuta wa kaya kuma ba a ba ka ba.

Wasu kamfanonin suna turo lambar sirri ta tes, wadda sai ka karanta wa mai kawo kaya zai iya rufe aikin a wayarsa. Mutane da yawa suna zaune a ofis a kira su a ce "oga turo min kod ɗin" su tura ba tare da tunanin komai ba. Wannan lambar ita ce sa hannunka. In ka riga ka bayar, ka faɗi gaskiya a ƙorafinka cewa ta waya ka bayar ba ka ga kayan ba, kar ka ɓoye, za su gani a wajensu.

Na biyar, mai sayarwa za ka fara tuntuɓa, a ranar, a rubuce

Shi ka ba kuɗi, kuma yawanci shi ya ɗauki kamfanin dilibarin, don haka shi ne zai bi su, ba kai za ka yi ta zarya ba. Masu kaya da yawa za su ce "ai ni na ba su lafiya, ka je ka neme su", ka amsa cikin natsuwa cewa da shi ka yi ciniki. Sai dai fa in kai ne ka turo naka mai mashin ɗin ya karɓo, ko ka ce a kai maka tasha a ba direban da ka sani, to daga lokacin da ya miƙa kaya lafiya ya fita, maganarka da wanda ka aika ce.

Kira yana da kyau amma ba ya barin shaida, don haka ko kun yi waya ka bi shi da rubutu. Gajere, ba zagi, ba barazana, misali:

"Salam Hajiya. Kayan da na saya ranar kaza, lambar webil kaza, an bar su a gidan maƙwabcina yau wajen ƙarfe 2 ba a tambaye ni ba. Na karɓa ƙarfe 6, kwalin a lotse, kula 2 cikin 6 sun fashe. Ga hotuna da bidiyo. Ina so a canja min su ko a mayar min da kuɗinsu. Don Allah ina jiran amsa zuwa jibi."

Ka ga an faɗi abin da ya faru, an faɗi abin da ake so, an sa rana. Ka haɗa da rasit ko alat ɗin transfa da hoton tallar kayan kamar yadda aka sa ta, ka yi sauri ka adana tallar don wasu suna gogewa.

In a manhaja ka saya, can cikin manhajar za ka danna neman mayar da kaya, kar ka tsaya ga kiran waya kawai, saboda agogonsu yana tafiya. A Jumia misali yawancin kaya kwana 7 ake ba ka daga ranar da aka kawo, kuma ranar da aka miƙa wa maƙwabcinka ce za su ƙirga, ba ranar da ka dawo daga tafiya ba. Kar ka danna cewa ka karɓi kaya lafiya, kar ka ba da tauraron yabo, sai an gama magana.

Masu rubuta "ba ma mayar da kuɗi" a saman shafinsu kuma, wannan rubutun bai fi ƙarfin doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su da inganci cikin wata 3 a gyara ko a canja ko a biya shi, ta kuma ba shi damar ƙin kayan da bai samu ya duba ba kafin a kawo in ba su dace da abin da aka yi ciniki a kai ba. Amma in ka yi sati uku shiru sannan ka ɓullo, kowa zai ce a gidanka suka lalace, kuma da wuya ka iya musawa.

Na shida, kamfanin dilibarin

Ko da mai kaya ya ce zai bi su, kai ma ka kai naka ƙorafin. Ka ba su lambar webil, ka nemi su ba ka lambar ƙorafi, ka kuma nemi su nuna maka shaidar miƙa kaya, wato sunan wanda ya karɓa, sa hannu ko hoto, da lokaci. In suna da ofis a gari ka ɗauki kwalin ka je, magana ido da ido da manaja ta fi kira ashirin. Ka tambayi nawa aka rubuta a matsayin darajar kayan lokacin turowa, da ko an biya inshora, domin yawancin kamfanoni ba sa biyan fiye da abin da aka rubuta, kuma akwai masu kayan da ke rage farashi a takarda don kuɗin aike ya yi sauƙi, waya ta dubu 200 a rubuta dubu 20. In haka ta faru, cikon yana wuyan mai sayarwa.

Shi yaron da ya kawo, kar ka zage shi kar ka tara masa jama'a, da yawansu a albashinsu ake cire irin wannan. Amma kuma in ya kira yana roƙo ka janye ƙorafi zai biya ka kaɗan-kaɗan, kar ka janye sai kuɗi sun shigo.

Kayan tasha kuwa, irin wanda ake ba direba a Kano ko Abuja ya sauke a Kawo ko Mando sannan a ba mai keke ya ƙaraso da shi gida, ba wata takarda mai ƙarfi, abin da kake da shi lambar direba ce da lambar mota. Nan wajen shugabannin tasha na ƙungiyar direbobi ta NURTW za ka je, su suka san direban kuma su yake jin maganarsu. Ka je da wuri kafin motar ta juya.

In sun yi biris da kai

Ka sake tura saƙo ɗaya ka ce za ka kai ƙara, in ranar ta wuce ka kai ɗin. FCCPC suna karɓar ƙorafi ta shafinsu na intanet, za ka rubuta bayani ka ɗora hotuna da rasit da hirarku. Hukumar gidan waya, NIPOST, ita ke ba kamfanonin aike lasisi a Najeriya, don haka kamfanin da ya yi rajista ba ya son a kai sunansa can. Banki kuwa kar ka sa rai da yawa in transfa ka yi da hannunka, ba sa dawo da kuɗi don kawai kaya sun fashe, in da kati ka biya a manhaja ka fi samun hanyar neman a dawo da su. Kotu tana nan, amma ka yi lissafi tukuna, kayan dubu 15 ba su kai zirga-zirgar ba.

In za ka fito da maganar a Facebook ko X, ka tsaya kan abin da ya faru da abin da kake da hujjarsa, kar ka kira kowa ɓarawo, kar ka sa lambar yaron ko sunan maƙwabcinka. An sha amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 a kama mutane kan rubutu, kar ka je neman haƙƙinka ka dawo kai ake tuhuma.

To in a gidan maƙwabcin ne suka lalace fa?

Yana faruwa. Yara sun ga kwali sun buɗe, ko an bar shi a tsakar gida hadari ya taso ba kowa. A fiƙihunmu na Malikiyya kayan ajiya amana ne, kuma wanda aka ba amana ba ya biya in ta lalace sai in ya yi sakaci ko ya yi amfani da ita ba izini. Ga shi kuma sau da yawa kai ba ka ma roƙe shi ba, wani ne ya zo ya ɗora masa. Ni a ganina in ba kaya ne masu tsada sosai kuma sakacin a fili yake ba, ka bar maganar, ka koma kan kamfanin da ya ajiye ba da izininka ba, don laifin farko nasu ne. In shi da kansa ya ce zai biya, kana iya karɓar wani abu ka yafe saura. In kuwa kuɗin da yawa, kamar kayan lefe ko wayar da ka ci bashi ka saya, kuma dole a yi magana, ka sa limamin masallacinku ko mai unguwa ko wani dattijo a tsakani, kar ka fara da ofishin 'yan sanda. Hadisin da Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada yana cikin Bukhari da Muslim, kuma irin wannan ranar ce ake aiki da shi.

Kafin oda ta gaba

In ka san ba ka wuni a gida, ka ba da adireshin shagonka ko wajen aikinka, ko ka zaɓi a ajiye a ofishin kamfanin ka je ka ɗauka da kanka ka duba a gabansu. In akwai biya bayan an kawo, ka zaɓe shi ga kaya masu fashewa. Ka rubuta wa mai kaya tun kafin ya tura cewa kar a ba kowa sai an kira ka ka amince, ya sa lamba ta biyu a jikin kwalin, ya turo maka hoton yadda ya shirya kayan kafin ya rufe, da damina kuma ya naɗe da leda ciki da waje. In dole sai an bar wa maƙwabci, kai za ka je tun da safe ka roƙe shi, ka gaya masa abin da ke ciki da wajen ƙarfe nawa za a kawo, ka ce masa in ya ga kwali a jiƙe ko a lotse ko salatif a yanke kar ya karɓa kar ya sa hannu, ya kira ka tun yaron yana tsaye a wajen.